Amon Tangaran ɗin Inna

Tun da gulbin Rima ya fara gudu, in ji Dikko, ba a taɓa ci wa ɗan Argungu mutunci kamar yadda aka ci masa ran Laraba ba. A zaurensa kuma, yana cikin rigarsa mai aska takwas!

A kan tangaran ne. Kwanon miya mai murfi, da shuɗin fure da bakin zinariya, wanda kakansu ya zo da shi daga Doso, inda ya yi wa wani Bafaranshe kuku. Shi ne a saman jeren mahaifiyarsu, Inna Riskuwa. Duk Juma'a takan sauke shi, ta ƙwanƙwasa bakinsa da farce, ta saurari amon har ya mutu. Bayan idonta ya tafi sai ta daina. Ta ce kunnen ma ya tsufa.

Da za ta rasu ta ce, "A ba Dikko. Shi ya san shi."

Ko arba'in ba a yi ba, Dikko ya gayyato Ja'afar mai tara kayan tarihi daga Birnin Kebbi, don gari ya ji labari. Ja'afar ya kife kwanon. Babu tambari a gindi. Dikko ya yi tari, ya shiga tarihin kakansa. Ja'afar ya sa farce. Ƙwas, kamar an taɓa kasko.

"Alhaji, wanga na kasuwa ne."

Nan take Dikko ya juya kan ƙanwarsa Zakiyya, wadda ta yi jinyar Inna shekara goma sha tara.

"Ke ka sharar ɗakin ga. Ina na gasken?"

Ta ɗaure kayanta ta koma Gulma wurin ɗanta, ta daina ɗaga wayarsa. Shi kuwa majalisa-majalisa yake bi da kukan an cuce shi.

Ran Asabar ƙunshi ya iso da saƙonta: "Yaya, ni Inna ta sa na tattaro mata. Ƙarƙashin matashinta yake kwana. Ta ce kar in ba ka sai ka tambaya."

Ya kwance ɗankwalin Inna. Gutsattsari ne, an wanke su tas, ɗaya da shuɗin tambari.

Dikko ya zauna a ƙasa da rigar tasa. Su ne dai waɗanda ya tura ƙarƙashin rumbu shekara goma sha tara baya, ranar da kwanon ya suɓuce masa yana nuna wa abokai, ya sayo wani a kasuwa yana cewa ai makauniya ba ta gani.