Goyon Karfasa

Watana uku a hannun Kawu a Sandamu, amma ban daina leƙen hanyar Daura ba, ko Inna za ta aiko a ɗauke ni. Ran nan bayan la'asar na ishi gidan da shiga da fita, sai ya ja ni bakin tafki. Tun zuwanmu karfasa ɗaya tak ƙugiyarsa ta kamo. Ina ta tsalle, har na fara jin ƙamshin miya.

Sai ya ɗaga kunnen kifin, ya nuna mini wasu fararen ɗigo-ɗigo kamar dusar gero, manne da jan naman ciki.

"Ciwo ne, Kawu?"

"Goyo ne. 'Ya'yan kumba ne, mai ɓawon nan da kakarki ke zuba alli in tana kaɗi. Uwarsu tana cikin laka, ba ta da ƙafa. In ba kifi ya ɗauke su ba, ba za su yi rai ba."

Ya zare ƙugiyar a hankali, ya mai da kifin ruwa. Na fashe da kuka ina dira ƙafa, na ce uwar ta riƙe kayanta mana!

Ya ce, "Ba ƙin su ta yi ba. Kuma in sun yi ƙwari, da kansu suke sauka."

Miyar ranar lami muka sha.

Na yi ƙwari, na sauka, ban waiwaya ba. Kawu ya rasu ban gaya masa na gane ba. Har yau ba na iya yanka karfasa sai na ɗaga kunnenta na duba.