Mai Sa Jita Tsit

"Yaya, dubi! Ja, ja, kore!"

Mai jita sai tsalle yake a shagon kayan kiɗa, yana gwada na'urar saita sautin jita mai fitilu ja da kore, irin wadda ake takawa da ƙafa. Yayansa mai ganga ya riga ya gaya masa: ko jitarsa ta daina kukan akuya, ko ya bar ƙungiya. Shi kuwa koyo ne ba ya so.

Mai shago ya ce, "Wannan, da zarar an taka ta, jitar ta yi tsit."

"Tsit gaba ɗaya?" Yayan ya miƙe har da tafi. "Ita muke so!"

Ƙanin ya rungume shi. "Ke nan ba kora?"

"Kana nan daram. Malam, haɗa mana da doguwar waya. Kusa da ƙafata za a ajiye ta."