Ɗigon Da Ya Ƙi Bin Layi

"Goge wannan ɗigon," in ji shugaban bincike, yana nuna allon kwamfutarta. "Shi yake ɓata mana lissafi."

Kowane ɗigo majinyaciya ce. Ta haɗa shekarunsu, hawan jini, sukari da nauyi a lissafi ɗaya, duk suka bi layi ban da wannan.

"Kuskuren rubutu ne," ya ce. "Mai irin waɗannan alƙaluma ai da tuni ta rasu."

"Ba kuskure ba ne, ranka ya daɗe."

"Ya aka yi kika sani?"

Ta dubi kular abincin da ke gefen teburinta, har yanzu da ɗuminta.

"Mamata ce. Ita ta dafa wannan, tana yi min faɗa wai na rame."