Kunnen Iyabo

Tun da aka yi wa Iyabo aiki a kunnenta ɗaya da ya rage, ta dawo Funtuwa ko tsawa ba ta ji. Dama likita ya ce garin gyaran tsakiyar kunne ana iya lalata na can ciki.

Mijinta Jimoh, direban motar Bijo, ya samu sake. A gabanta ya matsa jikin ƙanwarta mai jinyarta, yana raɗa yana lashe baki.

"Tun da na gan ki abinci ya daina shiga," Iyabo ta maimaita maganarsa da ƙarfi, tana yatsina fuska kamar ta taka kashi.

Jimoh ya zabura. "Ashe kina ji?"

"Daina zare ido, Baban Lateef, kunne ya mutu. Leɓenka na gani. Da wannan ruɓaɓɓiyar maganar ka raba ni da gidan ubana. Tir!"