Littafin Malam Bukar

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wata rana bayan la'asar, Baba ya ce in sauko masa da gafakar da ke alkukin soronmu a Zaitawa. Littafin fiƙihu ne a ciki, rubutun hannu, aro daga maƙwabcinmu Malam Bukar, wanda ya gaje shi wurin kakansa na Barno.

Na ja, na ji ta manne da bango. Da na fizgo sai ƙasa ta zubo, da warin danshi irin na sabon kabari. Gara ce ta biyo cikin bango ta mamaye littafin, ta cinye tsakiyar takardun, ta bar gefe-gefe.

Baba ya daɗe yana juya abin da ya rage. Shi ne mai ba mu labarin yadda Nasara suka mamaye Kano, kullum da murya sama. Ran nan da ƙyar na ji shi.

"Su dai an ji ƙarar bindigarsu. Wannan ko sallama ba ta yi ba." Ya share ido da bakin rawani. "Da nawa ne, ɗan nan, da sauƙi. Amana ce."

Ya nemo irinsa a Gwammaja ya fara kwafa don ya mayar. Yana babin azumi Allah ya karɓi ransa.

Sai bara na ƙarasa da alƙalamina, na kai wa jikan Malam Bukar. Ya yi ta buɗawa har inda hannu ya canza.

"Nan Baba ya tsaya?"

Na ce nan ne.

"Mun karɓa, Malam. Allah ya jiƙansu."