Littafin Yaya a Cikin Leda

Tela ya sake korar dillalin, wannan karon da almakashi a hannu, ko da yake ba da niyyar yanka kowa ba.

Abin da ke kawo dillalin shagon ba ɗinki ba ne. Wani tsohon littafin labarin zane ne, fitowar farko ta Ɗan Tsawa, jarumin da yara suka haukace a kansa shekaru da dama da suka wuce. Yayan Tela ne ya saye shi suna ƙanana, kuma da Yaya ya rasu, shi kaɗai ne abin da ya bari wanda ba a raba ba, don babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Yanzu kuwa ya zama komai. Dillalin ya sha yi masa bayani: yaran da suka karanta shi sun girma sun yi kuɗi, suna neman ƙuruciyarsu ido rufe. Yawancin kwafin iyaye mata sun hura wuta da su, saura gara ta cinye. Ga shi kuma ana raɗe-raɗin za a yi fim. Kullum farashi sai sama.

Tela ya san haka, shi ya sa ya yi kunnen uwar shegu. Yanar ido ta fara rufe masa gani, zare ya fara yi masa gardama a bakin allura. Likita ya ce wata rana sai an yi aiki. A ransa ya ajiye cewa idan ranar ta zo, Yaya ne zai buɗe masa ido da kuɗin littafin. Kafin nan littafin na kwance a aljihun teburin keken ɗinki, ƙarƙashin ƙyallaye.

Sai damina ta zo, rufin shagon ya fara yoyo daidai kan teburin.

Mai Kwafi, abokinsa mai shagon fotokwafi, shi ne ya tarar da shi yana shanya littafin. Bango ɗaya ya raba shagunansu, kuma tun suna gudu ba wando suke tare. Shi ya riƙe Tela a maƙabarta ranar da aka binne Yaya.

“Haba mutumina, ina raye za ka bar ruwa ya ci shi? Kawo in yi masa laminatin kamar takardar makaranta. Ko a rijiya ya faɗa ba abin da zai same shi.”

Ya ce a bar masa shi ya kwana biyu, aikin na son natsuwa. Da ya dawo da shi, kowane shafi na cikin ledarsa, sumul, yana sheƙi. Ko da idonsa mai hazo, Tela ya ga launukan sun fi da kyau. Ya ciro kuɗi, Mai Kwafi ya ɓata rai ya ce zagi ne. Har ƙwalla Tela ya yi, ya kuma ɗinka masa riga kyauta.

Daga nan komai ya lafa. Dillalin ya ɗauke ƙafa, Tela ya ce ya gaji ne. Mai Kwafi ya koma wani babban shago a bakin titi da sababbin injuna, ya ce surukinsa ne ya tallafa masa. Tela da kansa ya taya shi ɗaukar kaya, yana ta sa albarka.

Ranar da ya ɗinka hannun rigar wani mutum a baibai bai gani ba, ya san lokaci ya yi. Matarsa ta naɗe masa littafin a ɗankwali, ya lallaba har ofishin dillalin, wani ɗaki mai sanyi da akwatunan gilashi jere a bango.

“A'a, Malam Tela! Wani kuma ka samo?”

Tela ya ɗauka zolaya ce, ya sha mur, ya kwance ɗankwalin.

Dillalin ya kalli ledar, ya dafe kai. Ya ce a wannan sana'a ba a taɓa tsohon littafi. Masu saye takardar suke so yadda take, da laushinta, da ƙamshin tsufanta. Wanda aka gasa a inji aka manne da leda ya mutu, ko kuɗin mota ba zai kawo ba.

Tela ya ja da baya. Ya nemi kujera ya zauna. Idonsa ya tafi ke nan, da keken, da abincin gidansa. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne abokinsa. Bawan Allah ya yi don alheri, da wutarsa da ledarsa, bai karɓi ko sisi ba. In ya ji wannan labari, baƙin ciki zai iya kwantar da shi.

“Abu ɗaya nake roƙonka,” in ji Tela. “Mai Kwafi ne ya yi min, kuma rashin sani ne. Don Allah kada maganar nan ta kai kunnensa.”

Dillalin ya jawo littafin gabansa. Ya kunna fitilar tebur, ya ɗauko madubin ƙara girma, ya duƙa a kan shafin farko. Ya juya na biyu. Ya daɗe a haka, sannan ya ajiye madubin a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe.

“Malam, ai ba rashin sani a nan. Abin da ke cikin ledar nan hoton inji ne a sabuwar takarda. Na asalin tun damina na saye shi a hannun Mai Kwafi, ya ce kai ka aiko shi, kunyar Yayanka ce ta hana ka zuwa da kanka.”