Shirun Zuhura

"Taurin kai ya kashe shi, Inna. Ai na gargaɗe shi."

Wata uku ke nan Zuhura na maimaita wannan magana a kan ƙanenta Ɗayyabu, ɗan kabu-kabu. Sun yi ƙa'ida: duk ranar da zai taso daga Maradun zuwa gida Mafara, in ya ji ta shiru, to hanya lafiya lau. Ran nan ta ji 'yan bindiga sun tare hanya, ta tura masa saƙon murya. Duk da haka ya taho. Gawarsa aka kawo, wayarsa na aljihu.

A wannan ranar ce gwamnati ta katse sabis ɗin waya a jiharsu. Zuhura har yabawa ta yi, wai masu kai wa ɓarayi rahoto sun shiga uku.

Yau aka maido da sabis ɗin. Wayar Ɗayyabu, wadda Inna ba ta taɓa bari cajinta ya ƙare ba, ta yi ƙara.

"Duba min, wa ke nemansa?" in ji Inna.

Saƙo ne, yanzu ya shigo. Zuhura ta danna, muryarta ta cika ɗakin:

"Ɗayyabu, don Allah kada ka taho."